Sauran Mutanen Gida

A gidanmu na unguwar Sheshe labari ba ya shiga cikin gida da ƙafarsa. Sai ya tsaya a soro tukuna, maza sun juya shi sun cire masa ƙaya, sannan a miƙa wa jakadiya abin da ya rage ta shigo mana da shi. Gidan sarauta ne, ko da yake sarautar ba ta kai girman kanmu ba. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarama, rawani da gida suka koma hannun ƙanensa, wanda muke kira Baffa. Ni kuma da na isa aure ban yi nisa ba, ɗan Baffa na aura, akawu ne a ofis, aka yanka mana sashe a cikin gidan. Saboda haka mafi yawan abin da zan faɗa a gabana aka yi shi, ba ji na yi ba.

Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yan da Inna ta haifa, Yaya sai ni. Yaya ne ɗan fari. Kakanninmu Fulani ne, amma shanu sun ƙare tun kafin a haifi kakana, Fillanci ma ya gudu daga bakinmu, abu ɗaya ne ya zauna daram, kunyar ɗan fari. Ana yaye Yaya aka ɗauke shi aka ba Goggo, yayar mahaifinmu, wadda ba ta taɓa haihuwa ba. Tun daga ranar Inna ba ta sake ɗaukarsa a gaban mutane ba. Ba ta kiran sunansa, in ya zama dole ta ambace shi sai ta ce "wancan". In ya shigo tsakar gida ta wannan ƙofa, ita ta shige ɗaki ta waccan. Matan unguwa suna yabon ta, suna cewa kawaici sai matar nan, ko a unguwar Madabo ba a samun irinta. Na tashi ina jin yabon nan ina alfahari da shi, don a lokacin ban san abin da yake ci ba.

Kada wani ya ɗauka ba ta son shi. Ni ce 'yar aikenta, na sani. In ta dama fura mai kyau, wadda ta ji nono da zuma, sai ta ce da ni, "Kai wa mutanen soro," alhali ta san ba kowa a soron sai shi. Ranar da zai tafi Ingila, a farkon shekarun hamsin ɗin nan da aka shiga tura 'ya'yan sarauta karatun sha'anin mulki, kwana ta yi ta wuni tana dambun nama. Ta cika gwangwani ta danne murfi, ta miƙo mini tana kallon gefe.

"Wannan gwangwanin ya tare mini wuri," in ji ta. "Ki ba duk wanda zai fita da shi."

Ya zo sallama, ya durƙusa a bakin ƙofarta daga waje. Ta ce daga ciki, "Allah ya kiyaye hanya." Shi ke nan abin da ya shiga tsakaninsu.

Wasiƙunsa suka fara zuwa. Takarda ce shuɗiya marar kauri, da kan sarki a gefe, ko da yake kan mace ne a jiki. Masinja yakan kawo ta daga gidan waya a kan keke. Baffa ajami ya iya, don haka mijina ne ke karanta masa a soro, shi ne kuma ke rubuta amsa, Baffa na faɗa yana rubutawa. Bayan wasiƙa ta yi kwanaki tana zaga hannun maza, sai a shigo da ita. Na yi 'yan shekaru a makarantar 'yan mata kafin aure, abin da Goggo ke kira ɓata lokaci, to sai da wasiƙun nan suka fara zuwa aka tuna ina da amfani. A ɗakin Goggo ake taruwa da hantsi, in zauna a tsakiya in karanta.

Kowace wasiƙa da gaisuwa take farawa, kuma gaisuwar tana da tsari kamar sahun salla. Baffa a gaba, sai Goggo, sai matan Baffa, sai liman, sai ni da mijina, har marinin da ke makwabtaka da mu, har tsohon da ke share soro. Can a ƙarshe sai ya ce, "da sauran mutanen gida." A nan Inna take. Matar da ta yi naƙudarsa, a bayan mai shara. Ba laifinsa ba ne, shi ma haka aka koya masa, kuma da ya rubuta wani abu dabam da an ce bai da tarbiyya.

Da na ɗauko takarda Inna za ta miƙe ta fita, kamar an tuna mata tukunya a wuta. Amma ba ta nisa. Ɗakinta yana kallon na Goggo, sai ta zauna a bakin ƙofa ta ɗauki mazari ta kama kaɗi. Na lura da wani abu. Da zarar na fara karatu sai mazarin ya tsaya, audugar na hannunta, ita kuma kanta a sunkuye. Sai na riƙa ɗaga murya.

"Ke, wai kurame ne mu?" Goggo takan ce. "Sai ka ce mai shela a kasuwar Kurmi."

Lokacin hutun makaranta aka haɗa Yaya da wani gidan sarautar Turawa a can karkararsu, ya riƙa zuwa yana sauka. Daga nan wasiƙunsa suka yi daɗi. Gida ne na dutse, in ji shi, ɗakunansa sun fi mutanensa yawa, kakanninsu duk a zane a rataye jikin bango suna kallon mutum yana cin abinci. Maigidan ya mutu, tsohuwar matarsa ce ke riƙe da gidan, ɗanta kuma hafsan soja ne a wata ƙasa can gabas mai nisa. Matan gidanmu suka sa mata suna Tsohuwar Ingila, suka ɗauke ta kamar wata 'yar'uwa da aure ya kai nesa. Mun san rufin gidanta yana yoyo har ana tara kwanuka, abin da ya faranta wa Goggo rai ƙwarai, ta ce ashe su ma sai sun yi yaɓe. Mun san 'yarta ta fasa auren wani ta koma wa wani. Mun san ƙanenta yana fama da ciwon ƙafa. Mun san tana da wani tsohon kare da ke kwana a kan kujera a ɗakin baƙi, matan suka yi ta a'uziyya, amma duk wasiƙar da ta zo sai an tambaye ni lafiyar karen.

Wata rana na karanta musu wannan, ina tuna shi kusan kalma da kalma:

"Kowace safiya bara yakan kawo wasiƙu a kan faranti lokacin karin kumallo. In akwai ta ɗanta, uwargidan takan farke ta a gaban kowa ta karanta da ƙarfi. Ta yi dariya, wani lokaci ta share hawaye, ba mai ganin laifinta. Ta ce mini ba abin da take ɓoye masa, ko haƙorinta ne ya yi ciwo sai ta rubuta masa. Kuma shi ne ɗanta na fari."

Ɗaki ya ɗauki salati. Goggo ta tofar da goro a kasko ta ce, "Ai su ranar da ake rabon kunya suna kasuwa." Aka yi ta dariya. Na leƙa waje, Inna tana zaune, zaren ya tsinke a hannunta ba ta ƙulla ba.

Ba a daɗe ba sai ga abin da ya tayar da gidan. A cikin ambulan ɗaya da wasiƙar Baffa, Yaya ya sako wata 'yar takarda dabam, a samanta an rubuta "Zuwa ga Inna". Mijina bai lura ba sai da ya fara karantawa a gaban fadawa. Baffa ya ɗaga masa hannu, ya ce a kai wa mai ita. Da jakadiya mai hankali ce da ta naɗe takardar a gefen zane ta bi Inna ɗaki. Amma ita jakadiyarmu bakinta ya fi ƙafarta sauri. Ta shigo tsakar gida ana cikin daka, mata cike, tana kaɗa takarda a sama.

"Ina uwar ɗan Ingila? Ga taki ke kaɗai, ba ta taro ba!"

Taɓarya ta tsaya. Ido ya dawo kan Inna, wadda ke tankaɗe a gindin bango. Na ga fuskarta, labarin zuciya ai a tambayi fuska, na rantse hannunta har ya ɗan motsa. Amma shekaru kusan talatin ana yabon ta a kan abu ɗaya, ga kuma masu yabon a tsaye suna jira.

"Kin yi ɓatan kai," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Kai wa uwarsa."

Aka yi shewa. Goggo ta karɓe takardar tana cewa Turai ta lashe wa yaron nan kunya, ta cusa ta ƙarƙashin tabarma. Na ce ta ba ni in karanta, ta ce ba ni aka aiko wa ba. Da la'asar na sami Inna ita kaɗai, na ce zan ɗauko in karanta mata a ɗaki, ba mai ji. Ta ce, "Ke dai ba ki da ta ido. Bari maganar ta kwanta tukuna." Na bari.

Kafin maganar ta kwanta ita ta kwanta. Da farkon damina ƙafafunta suka fara kumbura, sai ciki, sai numfashi ya riƙa yi mata wuya. An yi rubutu, an yi saiwoyi, malamin asibiti ma ya zo ya yi allurai, abu sai gaba yake. Duk wanda ya shiga ɗakin ya fito ya san inda aka dosa. Ana cikin haka na ga mijina ya shigo da amsar wasiƙa zai liƙe, na karɓa na duba. Bayan gaisuwa, Baffa ya sa an rubuta an yi ruwa mai kyau, gero ya yi arha, matar liman ta haihu, mutanen gida kowa lafiya lau.

"Malam, kowa lafiya?" na ce. "Da hannunka ka rubuta wannan?"

"Abin da aka ce in rubuta ke nan."

"To ka ƙara layi ɗaya a ƙasa. Ka ce Inna ba ta da lafiya."

Ya dube ni kamar na ce ya cire wa ubansa rawani a kasuwa. Ya lashi bakin ambulan ya liƙe, ya ce ba a aika wa matafiyi mugun labari, kuma ni ma na san haka.

Na sani mana. Al'ada ce tun ta zamanin fatake da mahajjatan ƙafa, lokacin da mutum zai yi shekaru a hanya, labari in ya same shi ba abin da zai iya sai baƙin ciki. Amma yanzu jirgi yana sauka a bayan gari, muna jin rurinsa daga tsakar gida. Ko bai zo ba, ai zai rubuta mata, ya nemi gafararta, ta yafe masa, ta sa masa albarka. Abin da nake so ke nan, ba wani abu ba. Ya san uwarsa tana tafiya, ita kuma ta ji daga gare shi kafin ta tafi.

Na kwafe adireshinsa daga saman tsohuwar wasiƙa, na yagi takarda a littafin mijina na rubuta da kaina. Saura kan sarki da kaiwa gidan waya, ni kuwa ina kulle. Na kira jakadiya na ba ta, na haɗa mata da turmin atamfa da ban taɓa ɗinkawa ba, ta rantse mini da kabarin uwarta. Ta karɓi atamfa, ta kai wa Baffa wasiƙa.

Bayan la'asar ya aiko kirana. Na same shi a shigifa shi kaɗai, takardata a kan buzu a gabansa. Na durƙusa na gaishe shi. Baffa ba mai faɗa ba ne, da ma mai faɗa ne da na fi samun sauƙi. Murya ƙasa ƙasa ya yi mini magana.

"Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, "so kike ki rushe abin da muka daɗe muna ginawa? Yaron nan saura watanni ya yi jarrabawa. Rawanin nan da kike gani a kaina, shi nake riƙe wa. Zamani ya juya, yanzu sai mai takarda. In ya ji ya watsar da karatu ya taho, ajali zai tare?"

"Allah ya ja zamanin Baffa, ba sai ya taho ba. Ya dai sani."

"Sanin me zai ƙara masa in ban da tashin hankali? Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba."

Na ce, "Baffa, uwarsa ce fa."

Ya ja carbi. Sannan ya ce, "Uwarsa tana ɗakinta lafiya lau tana cin goro. Ita waccan da kike magana, ta ce miki a sanar da shi?"

Nan ya kama ni, kuma ya san ya kama ni. Inna ba za ta taɓa cewa ba. Ko wuƙa aka sa mata a wuya ba za ta buɗe baki ta ce a kira mata ɗanta na fari ba. Sun koya mata shiru tun tana yarinya, yanzu kuma sun mai da shirun hujja. Na tashi ba sallama, abin da aka daɗe ana yi mini gori a kai.

Wata safiya ina shafa mata man shanu a ƙafa, ruwa na sauka a hankali a waje, sai ta ce, idonta a rufe, "Takardar nan, tana nan kuwa?"

Ban tsaya ɗaukar mayafi ba na ruga ɗakin Goggo. Muka ɗaga tabarma, babu. Muka zazzage kwalla, muka duba bayan jere, babu. Can Goggo ta tuna, wata ta zo neman jar kanwa kwanaki, ba ta sami abin ƙunshewa ba sai takardar. Ta faɗe shi ko a jikinta, har tana cewa ai takarda ce mai ƙwari. Na tare mijina da ya dawo cin abincin rana, na ce ya faɗa mini abin da ke ciki, tun da shi ya fara karantawa. Ya ce bai wuce layi biyu ba aka tsayar da shi, abin da ya riƙe kawai shi ne Yaya ya ce dambun naman ya kai shi har tsakiyar sanyi, kuma bai yar da gwangwanin ba.

Na koma na faɗa mata gaskiya, takarda ta ɓata, ga abin da ya rage. 

"Madalla," in ji ta. "Da ma ba ta kamata ba."

Ta juya fuska bango. Na ci gaba da shafa man, don ban san abin da zan yi da hannuna ba. Can sai na ji ta faɗi sunansa. Sunan yanka, cikakke, a hankali, kamar mai ɗanɗana miya ta ji ko gishiri ya ji. Tun da nake ban taɓa jin sa a bakinta ba. Ba kiransa take ba, ba kuma da ni take ba. Sai ta ce, "Ko can ma ana ruwa yanzu?" Na ce ai can kullum cikin ruwa suke. Ta ce, "Allah sarki."

Ba ta kai kaka ba. Aka yi mata sutura, aka yi zaman makoki, gida ya cika ya batse, kowa na faɗin alherinta, kuma alherin da aka fi faɗa shi ne kawaici. Ana watsewa mijina ya zauna a soro ya rubuta: an fara girbi, mutanen gida kowa lafiya lau. Ni na dafa masa tuwon da ya ci bayan ya gama rubutun.

Wasiƙun Yaya ba su fasa zuwa ba, ni kuma ba a fasa kirana karatu ba. A wadda ta zo bayan sadakar arba'in ya ba da labari karen Tsohuwar Ingila ya mutu. An binne shi a lambu, tsohuwa ta wuni ba ta ci abinci ba, ta zauna ta cika takardu ta aika wa ɗanta don kada ya ji a bakin wani. Matan ɗakin suka yi ta jimami. "Wayyo, karen nan," in ji Goggo, "ai tsohuwa za ta yi kewa." Mu a Sheshe mun san karen wata Baturiya ya mutu a ƙarshen duniya, shi kuwa wanda ya ba mu labarin bai san uwarsa tana ƙasa ba. A ƙarshen wasiƙar, bayan sauran mutanen gida, ya ƙara layi: "A gaishe mini da Inna, ko ba ta amsa ba." Na ajiye takardar na fita. Daga ranar ban sake karanta musu ba, sai jakadiya ta koma kawo labari da ka.

Ya ci jarrabawarsa. Ya dawo da bazara, maza suka cika motoci suka tarye shi a filin jirgi. Yadda aka saba, ba a faɗa wa matafiyi rasuwa a hanya. Sai ya sauka, ya sha ruwa, ya ci abinci, sannan wani dattijo ya ja shi gefe ya fara da wa'azi. To Baffa ya bar wa liman, liman ya ɗauka Baffa ya riga ya faɗa, mijina kuma ya ce shi yaro ne, ba huruminsa ba. Haka aka yi ta gaisawa a soro har azahar, aka sake shi ya shigo cikin gida ba wanda ya ce masa uffan.

Ya shigo ana guɗa, ya yi fari ya rame, da wani ƙunshi a hammata. Ɗakin Goggo ya fara shiga, yadda ya kamata. Aka shimfiɗa masa darduma, mata suka kewaye shi, kowa ta ɗauka an faɗa masa a waje, suna mamakin ƙarfin halinsa. Suka shiga tambayar Tsohuwar Ingila, da rufin gida, da auren 'yar. Yana amsawa yana dariya, ƙunshin nan a kan cinyarsa, jifa jifa yana satar kallon ƙofar da ke fuskantar ta Goggo. Ina tsaye a bakin ƙofa na gane bai sani ba. Ya ƙetare teku ya dawo, ya iya cin abinci da cokali mai yatsu, amma ya kasa buɗe baki a gaban mutane ya ce ina Inna. Jira yake a watse.

Da ya ga ba a da niyyar watsewa sai ya miƙe, ya ce bari ya gaisa da sauran mutanen gida. Sai a lokacin matan suka farga bai sani ba. Ya tsallaka tsakar gida ya durƙusa a bakin ƙofarta daga waje, inda ya durƙusa ranar tafiya, ya yi sallama. Sannan ya ɗago ya ga kwaɗo a jikin ƙofar.

Ya waiwayo, ni ya nema da ido. Ban yi wa'azi ba, ban ce dukkan mai rai mamaci ne ba. Na ce, "Yaya, Inna ta rasu tun damina. Ta daɗe tana jinya. Na rubuta maka aka tare." Har yau akwai waɗanda ke cewa ba haka ake faɗa ba. To su da suka iya faɗa, ina suke tun safe?

Bai yi kuka ba. Ya zauna a ƙasa da babbar rigarsa, ya jingina da bangon ɗakin. Matan suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Ya kwance ƙunshin, mayafi ne na ulu mai laushi, ruwan toka. Ya ce Tsohuwar Ingila ce ta saƙa da hannunta, ta ce a kai wa mahaifiyarsa, daga uwa zuwa uwa.

"Wasiƙata fa?" ya ce. "An karanta mata?"

"Ba a karanta ba."

Ya gyaɗa kai. Na ba shi labarin jar kanwa, don na gaji da rufa wa gidan nan asiri. Na ce amma ta ji zancen gwangwani. Sannan na ce, "Ta faɗi sunanka."

Ya ɗago da sauri. "Inna? Da bakinta?"

"Da bakinta. Ni kaɗai ce a wurin."

"Yaya ta faɗe shi?"

Na buɗe baki na faɗa, na yi iya ƙoƙarina in sauke murya yadda ta sauke. Amma muryata ce ta fito, wadda ya saba ji tun muna yara. Ya kasa kunne kamar mai sauraren kiran salla daga wata unguwa.

"Sake faɗa," in ji shi.

Ban kai ga sakewa ba sai ga jakadiya, da atamfata a jikinta, ta ce Baffa na kira, manyan baƙi sun zo yi masa barka da sauka, kuma a ce masa ya wanke fuska kafin ya fito. Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya bi ta. Bai sake tambayata ba har ya bar duniya, ni ma ban sake faɗa ba. Rawanin da aka riƙe masa ya samu, ya kuma daɗe a kansa.

Mayafin kuwa, da yamma aka yi shawara aka ce tun da ga uwarsa aka aiko, to a kai wa uwarsa. Goggo ta yi shekaru tana rufa da shi, duk wadda ta shigo sai ta nuna mata, ta ce ɗanta ne ya kawo mata daga Ingila.